Dariyar da Na Hana Kakana

Allah ya karɓi kakana, mahaifin mahaifina, ranar wata Alhamis da hantsi, a gidanmu da ke unguwar Bobiel, a Yamai. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wanda ya ba mu shi ne ya ɗauke shi, ba mu da ta cewa sai godiya.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gida. Ni aka ɗora wa kai-da-kawo tsakanin rumfar maza da tsakar gida inda mata suke, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kansa ya shiga kunnena. Teloli sun zo daga Babbar Kasuwa, waɗanda suka koyi ɗinki a hannunsa har su ma suka yi furfura. Sun ce bai taɓa dukan mai koyo ba. In ka ɓata riga, sai ya ɗaga ta sama ya tambayi ƴan rumfa ko akwai wanda ya san mutumin da hannunsa na hagu ya fi na dama tsawo, a kira shi ya zo ga kayansa. Limamin unguwa ya ce tun da tsohon ya tare a Bobiel bai rasa shi a sahun farko ba sai da ciwo ya kwantar da shi.

Matan tsohuwar unguwarmu ta Lamordé su ma sun tsallako kogi. Mahaifina ya shigo karɓar gaisuwarsu, sai ɗaya daga cikinsu, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da namu a can, ta share ido ta ce:

"Mu dai ranar Lahadi ba ruwanmu da agogo. Da mun ji dariyarsa ta hayo katanga, mun san an fara shirin nan nasa, lokacin ɗora tukunyar dare ya yi."

Matan suka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa. Mahaifina bai yi ba.

"Inna, a bar wannan zance," in ji shi. "A tuna shi da sallarsa da zumuncinsa. Dattijo ne, ba ɗan kallo ba."

Akwai mutum ɗaya da bai ce uffan ba a kwanakin nan: aminin kakana, wani tsohon direban babbar mota, Bazabarme, wanda ya zauna a can ƙarshen tabarma da sandarsa a kan cinya. Danginsa Zabarmawa suna yi masa "fonda tilas", ta'aziyyarsu ke nan, kamar shi aka yi wa rasuwar, yana amsawa da kai. Sai a rana ta uku, da na kai masa ruwa, ya riƙe hannuna ya ce:

"Bagobirin nan ya tafi ya bar ni da magana a baki."

Mahaifina yana da gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta cika ba. Kakana mai salla ne, mai zumunci ne, kuma mutum ne da shirin barkwanci na tele yake sa shi dariya har hawaye su jiƙa masa gemu. In aka cire wannan, wani tsoho ne daban za a riƙa yi wa addu'a, ba shi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi nauyi a kaina. A shekarunsa na ƙarshe abu ɗaya ya nema a wurina, wanda zai taya shi dariya, ban kuwa ba shi ba.

Shirin ana nuna shi kowace Lahadi bayan la'asar. Mutum huɗu ne ko biyar, su ɗin dai kullum. Yau wannan ya zama mai gadi, wani mako boka, wani mako baƙauyen da ya shigo Yamai da akuya a cikin taksi. Hausa da Zabarmanci da Faransanci duk a baki ɗaya, babu wanda aka bari ya kai ƙarshen jimlarsa. Ihu, guje-guje, faɗuwa, a ƙarshe wata ta koro wani da muciya. Ra'ayina a kansa bai sauya ba tun ina makarantar lise har na gama jami'a: hayaniya ce aka ɗora wa sunan raha. Na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu.

A Lamordé ba a cikin ɗaki kakana yake kallo ba. Da an idar da la'asar za a fito da tele ƙofar gida, a ja waya ta taga, a shimfiɗa tabarmi. Maƙwabta su zo, masu wucewa su tsaya. Yana da wata ɗabi'a da sai daga baya na gane muhimmancinta: in dariya ta kama shi, ba ya ci gaba da kallon tele. Juyawa yake yi ya nemi fuskar na kusa da shi, ya kai masa duka a gwiwa, kamar abin bai tabbata ba sai wani ya shaida.

Na kusa da shi ɗin kuwa, kullum amininsa ne, wanda bai taɓa ko murmusawa ba. Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, kowa ya sani, amma su biyun nan sun mayar da wasan sana'a. Ina tuna ranar da aka nuna wani tela a jajibirin Salla. Ya hango mai kaya tafe, ya shige ƙarƙashin tebur ya lulluɓa da yadi. Mai kaya ya shigo, ya zauna jira, can sai ya lura shaddarsa da ya kawo tun farkon azumi tana numfashi. Kakana ya yi dariya har ya zame daga kujera.

"Bazabarme, ka gani? Ka ga yadin yana sama yana ƙasa?"

"Na gani. Tarihin rayuwarka ne suka ɗauko. Ni da na ɗaura aure da rigar aro saboda kai, nuna mini abin dariya a nan."

"Ai rigar ta iso."

"Ta iso ranar sunan ɗana na fari."

"To ba ka sa ta ba? Ba ta yi maka kyau ba? Mutanen nan ba su san alheri ba."

Haka suka san juna tun suna samari, ta kan rigar da ba ta zo ba. Kowace Lahadi sai sun sake gardamar shirin daga tushe. Aminin ya ce manyan mutane da iyali suna birgima a ƙasa don a kalle su, wannan abin a yi musu addu'a ne. Kakana ya ce mutumin da ya shekara talatin yana kallon kwalta ba zai gane fuskar mutane ba. Sai kiran magariba ya raba su, su tafi masallaci tare, suna ƙarasa sauran a hanya.

Bayan rasuwar kakata, mahaifina ya ce tsoho ba zai zauna shi kaɗai a hayin kogi ba. Ya gama gini a Bobiel, gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, muka tare gaba ɗaya. Niyya ce mai kyau, ba na kuma ganin laifinsa.

Lahadin farko kakana ya sa na fitar da tele ƙofar gida. Ya sa na shimfiɗa tabarma biyu, na kawo butar shayi. Aka fara shiri. Unguwa ce sabuwa, kowa da katangarsa, kowa da telensa, matasa kuwa kowa da wayarsa a hannu. Masu wucewa suka riƙa yin sallama cikin ladabi suna ci gaba da tafiya. Wani ma ya tsaya ya tambaya ko gyara aka fito da ita. Kakana ya yi dariya sau biyu a ranar, kowane karo ya juya gefensa, ya tarar da tabarma. A Lahadi ta uku na sunkuya zan ɗauki tele, ya ce:

"Bar ta nan, Alƙali. Ƙura za ta ɓata ta."

Alƙali yake kirana tun ina ƙarami. Ya ce ko a goye nake, in na dubi mutum sai ya fara tunanin laifin da ya yi. A al'adarmu jika abokin wasan kakansa ne. Yana da damar ya tsokane shi, ya ɓoye masa hula, ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kakan kuma ya rama. Ni ne babban jikansa, ni kaɗai ne kuma a gabansa, sauran suna garuruwan iyayensu. Ya yi ta buɗe mini ƙofar wasan nan shekara da shekaru. Yakan ɓoye mini takalmi ƙarƙashin gadonsa ya zauna yana jiran in zo mu yi rigima. Ni kuwa sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Kaka, don Allah ina da darasi ƙarfe takwas." Sai ya miƙo mini su. Na taɓa ji yana gaya wa gwaggona, ƙanwar mahaifina, bai san ina kusa ba: "Allah ya ba ni jika mai hankali. Abokin wasan ne bai ba ni ba."

Daga Lamordé zuwa Bobiel taksi biyu ne, aminin nasa kuma gwiwoyi sun fara ƙi. Gardamar ta koma waya. Kowace Litinin da safe zan buga masa lambar in miƙa masa.

"Bazabarme, ka kalla?"

"Na kalla. An ɓata wutar lantarki a banza."

"Wurin da boka ya sha maganin da kansa fa?"

"Allah ya shirye ka, kai da bokan."

Daga baya kunnen aminin ya yi nauyi. Kakana ya faɗi magana sau uku, wancan ya amsa wata daban. Gardama ba ta yiwuwa da maimaici. Kiran ya koma gaisuwa, gaisuwar ta koma ta ranar Juma'a.

Sannan yanar ido ta rufe masa gani. Ya daina ganin komai a tele sai haske da inuwa, alhali rabin shirin nan da jiki ake yin sa. Lokacin na gama jami'a, ban sami aiki ba, ni ne a gida da rana. Na ɗauki aikin zama kusa da shi ina gaya masa abin da ake yi. Na ɗauke shi a matsayin wajibi, na kuma yi shi yadda nake yin kowane wajibi, ban taɓa fashi ba. Da littafina nake zuwa, a buɗe a kan cinya.

"Me ya faru? Na ji ƙara."

"Ya faɗi."

"Yaya ya faɗi? Ta gaba ko ta baya?"

"Ta baya."

"A kan me?"

"A cikin kwandon tumatir na wata mai talla."

"Hular fa?"

"Tana kansa, Kaka. Ita kaɗai ce ba ta motsa ba."

Sai ya fashe da dariya, ya miƙo hannu yana lalube har ya sami gwiwata ya buga. Daga nan ya saurara. Na san abin da yake saurare. Yana jiran ya ji ko da hucin dariya ta hanci daga gare ni. Da bai ji ba, tasa sai ta riƙa gajarta, ta koma tari, ya gyara zama ya ce, "To, ci gaba." Na ɗauka bayani yake buƙata, na kuwa ba shi bayani daidai, ban rage ba ban ƙara ba. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa makaho zai nace wa kallo ba.

Wata rana ma na yi masa jawabi. An gama shirin, na rufe littafi na jera masa hujjojina: babu labari mai kai da gindi, abin da aka yi wancan mako shi aka sake, an mayar da baƙauye da mai sana'a abin ba'a, harshen da ake yi kuma ba na kowa ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"Duk abin da ka faɗa haka yake, Alƙali," in ji shi. "Amma fa mutum ya faɗa cikin kwandon tumatir."

Na sake buɗe littafina, na ɗauka shi ne ya rasa hujja.

Lahadinsa ta ƙarshe a gaban tele, jiki ya riga ya yi rauni. Muka jingina shi da matasai. Na yi bayanina kamar kullum, bai yi dariya ba sai murmushi. Ana cikin talla ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Zan tambaye ka, tsakaninka da Allah. Duk zaman nan da muka yi, ko sau ɗaya abin nan bai taɓa ba ka dariya ba? Ko a ciki, inda ba na ji?"

Na san amsar da yake so. Kalma ɗaya ce, ba za ta rage ni da komai ba. Amma ya ce tsakanina da Allah, ni kuma a lokacin ina alfahari da cewa ba na faɗin abin da ba haka yake ba.

"Bai taɓa ba, Kaka."

A tele an dawo daga talla, ana ta ihu.

"To, madalla," ya ce. "Ba ka yi wa tsoho ƙarya ba. Kashe ta, na gaji."

Lahadin da ta biyo bai tambaya ba, ni ma ban kunna ba. Alhamis ya cika.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a maza sun fara watsewa, gwaggona ta kira ni tsakar gida. A hannunta akwai babbar rigarsa, da hularsa, da igiyar awon da ya saba ratayawa a wuya. In tsoho ya rasu da cikar shekaru, jikoki sukan yi masa wasan ƙarshe: ɗaya ya sa kayansa, ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya a cikin kuka. Wasu malamai ba sa so, mahaifina ma ya fita waje don kada ya gani, amma bai hana ba.

"Kai ne babba," in ji gwaggo. "Kai ka zauna da shi. Sa, ɗana."

Na sa. Rigar tana ƙamshin turarensa. Na tsaya a tsakiyar mata da jikoki, kowa ya zuba mini ido, fuskoki sun riga sun shirya dariya. Na san tafiyarsa, na san yadda yake karkata hula, na san kowace kalma tasa. Amma na kasa kwaikwayon ko ɗaya. Na daɗe a tsaye har wata tsohuwa ta ce, "Ku ƙyale shi, zuciya ce." Ba zuciya ba ce kaɗai. Ban iya ba ne, ban taɓa koya ba. Ɗiyar gwaggona, wadda ba ta fi sau biyar ta gan shi ba a rayuwarta, ita ta karɓi rigar. Ta rataya igiyar awo, ta kama auna wata ƙatuwar maƙwabciya tana cewa a dawo bayan Salla. Gida ya ɗauka da dariya, gwaggo tana yi tana share hawaye. Na koma ɗakinsa na zauna a bakin gado.

Aminin kakana bai zo sadakar ba, ƙafa ta hana. Ya aiko a ce mini in na sami hali in leƙo shi ranar Lahadi.

Na tsallaka gada bayan azahar. Na same shi a zaure shi kaɗai, da ƙaramar tele a kan kujera, an ƙure muryarta saboda kunnensa. Muka gaisa, ya yi mini gaisuwar rashi, na yi masa. Da aka yi la'asar ya kunna, bai tambaye ni ko ina so ba.

A ranar wani mutum ne ya sayo rago, ba ya so maƙwabta su sani. Ya sa masa riga da hular kwano, ya ɗora shi a bayan moto, wato babur, kamar baƙo. Wani maƙwabci ya tare su a hanya, ya tsaya yana gaida ragon, yana tambayarsa mutanen gida. Ragon ya yi kuka. Maƙwabcin ya ce Allah ya sawwaƙe, murar bana ba ta da kyau.

Babu wanda ya motsa a cikinmu. Aka gama, ya kashe.

"Shirme," in ji shi.

"Shirme ne, Baba."

"Manyan mutane da iyali."

"Haka ne."

Ya dube ni. Ya dubi sandarsa. Muka zauna, ni da shi, ra'ayinmu ɗaya, babu sauran abin faɗa. Ana jin kaji a tsakar gida. Na ga bakinsa yana motsi da maganganun da ya tanada, waɗanda ba su da inda za su sauka. A nan na gane cewa shi ma duk shekarun nan ba shirin yake kallo ba. Bayan wani lokaci ya ce, da murya ƙasa:

"To, ka gaida mahaifinka. Kada dare ya yi maka."

Na miƙe, na sa takalmi ɗaya. Sai na koma na zauna. Na ɗaga murya yadda zai ji.

"Amma Baba, wurin da ya gaida ragon nan, akwai abin dariya."

Ya ɗago kai a hankali.

"Me ka ce?"

"Na ce akwai abin dariya. Kai ne ba ka gane ba."

"Ni ne ban gane ba." Ya gyara zama, ya jingine sandar a bango. "Ashe karatun bai wanke ka ba. Jinin Gobir dai sai ya nuna. Zauna, zauna in tambaye ka. Kai ka taɓa ganin rago ya zauna a moto bai yi tsalle ba?"

Har aka kira magariba yana yi mini. Na kare ragon iyakar ƙarfina, da hujjojin da ban yarda da ko ɗaya ba. Ya kira ni jikan maƙaryacin tela, ya ce a jami'a an cuce mu. Da zan tafi ya rako ni har bakin ƙofa, abin da aka ce ya yi wata biyu bai yi wa baƙo ba.

Ina zuwa kowace Lahadi yanzu. Har yau shirin bai ba ni dariya ba. Abin da ke damuna shi ne sauƙin da abin ya yi: jimla ɗaya ce, na faɗe ta a zauren wani ba tare da harshena ya karye ba, bayan wanda ya roƙe ni ita da bakinsa ya kwana goma a ƙasa.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da sallarsa da zumuncinsa da dariyarsa. Ka yafe masa, ka yalwata masa wuri, kada ka bar shi shi kaɗai. Ni kuma ka yafe mini gaskiyar da na faɗa masa.